Ma'aikatan Marigayi

Tasalla mai fura ta garin Isa ta rasa ruɓaɓɓen ƙyaure ɗaya, ta samu na ƙarfe da ƙari. Ƙarin nan shi ne labarin.

Wani ne, wai shi mai zane. Yakan sassaƙa katako, ya shafe shi da tawada, ya danna takarda a kai, ya kai Abuja masu kuɗi su saya. Wata uku yana yawo a babur tsakanin Sabon Birni da Isa, wai sai ƙasar Gobir ta shiga aikinsa. Duk gulbin da ya sassaƙa sai ya fito kamar hanjin kaza.

Ran nan ya tsaya shan fura gidan Tasalla. Yana ɗaga ludayi sai ya hango ƙyauren ɗakinta, gara ta yi masa kaca-kaca. Ya zabura.

"Inna! Ga gulbi! Ga fadama! Ga hanyar Bafarawa har da ramukanta! Wane gwani ya yi wannan?"

Tasalla ta dubi ƙyauren, ta dubi takalminsa mai ƙyalli.

"Ma'aikatan marigayi maigidana na. Shekara bakwai suna bisa aikin."

"Na saya dubu biyar."

"Albarka."

"Ashirin!"

"Ɗana, gado na. Ban saida gado."

"To ma'aikatan fa, suna raye?"

Ta kai shi bayan rumbu, ta nuna masa suri.

Maimakon ya ji kunya, sai ya yi ta jinjina kai, wai ya gamu da malamansa. Ya kwance duk katakonsa na wata uku ya jingina a jikin surin don su gyara masa. Ya ɗora takardunsa a sama don su ga samfuri. Har ya durƙusa yana yi musu bayanin inda gulbi ya karkata.

Tasalla ta ce, "Yayyafa musu ruwa. Sun hi son aiki da laima."

Ya yayyafa, ya tafi.

Bayan sati biyu ya dawo, saura kwana uku a buɗe baje kolinsa a Abuja. Ya tarar da tulin jar ƙasa da ƙusa huɗu.

"Inna! Ina Gobir?"

"Ta shige cikinsu. Ba ita kac ce a shiga da ita cikin aiki ba?"

Ya ɗora hannu a ka. Ba katako, ba takarda, sai ƙyauren nan kaɗai ya rage masa a duniya.

"Don Allah Inna, ki saida mini. Dubu hamsin!"

"Albarka."

"Ɗari! Wallahi ita ke nan gare ni."

Tasalla ta ci gaba da dama furarta. Sai da ta ɗanɗana, ta ƙara nono, sannan ta ɗago.

"Riƙe kuɗɗinka. Ka kahe mini ƙyauren ƙarhe, ka aje makullin babur ɗinga, sannan ka ɗau wanga ƙyaure. Tunda ƙasa kaka so ta shiga aikinka, taka ta da ƙahwa har Abuja."