Yadda Za Ki Amsa Cewa Rufin Makarantarki Na Yoyo

Ƙaramar hukuma ta sanar cewa za ta ba makarantun renon yara tallafin gyaran gini, kuma wadda ta fi buƙata ita za a fara ba. Jami'i zai zo sau ɗaya, ya duba, ya rubuta, ya tafi. Wannan bayani naki ne, ke mai ɗakuna uku da yara arba'in da ɗaya, wadda rufin ɗakin barcin ƙanananta ke zuba a wuri biyar. An yi ruwa sau biyu a bana, kuma kafinta ya gaya miki rufin ba zai kai tsakiyar damina ba. In ba a sake shi ba, dole ki kulle ɗakin, ki ce wa iyayen yara goma sha biyu su nemi wani wuri.

Ki bi matakan nan yadda suke, ina ba ki tabbacin sunanki zai fito. Matsalar guda ɗaya ce. Shekara goma sha tara kina ɓoye wa baƙi lalacewar ginin nan, kuma kin ƙware.

Mataki na 1: Ki cika fom

A shafi na biyu akwai inda aka ce, "Bayyana halin da ginin yake ciki." An bar miki layi shida. Kada ki rubuta "Alhamdulillahi" ki ja layi a ƙarƙashi. Ma'aikacin da zai karanta ba ya musun godiyarki, shi ma mai godiya ne, amma takardar makinsa ba ta da gurbin da zai sa ta. Haka nan "da sauƙi" da "ba laifi". A ofishin tallafi duk waɗannan wuri ɗaya ake tara su, a kan kabad, kusa da fankar da ta mutu.

In hannunki ya ƙi rubuta "yana yoyo", ki bar layukan fanko. Jami'i zai tambaye ki da baki ranar da ya zo. Za mu kai wurin.

Mataki na 2: Ki nisanci fenti

Da zarar an sa ranar zuwan jami'i, misali Laraba, za ki tuna akwai rabin gwangwanin fenti a bayan kicin. Za ki ce ai ba gyara za ki yi ba, ɗan shafawa ne kawai. Ki ɗauki gwangwanin ki kai gidan maƙwabciya, ki ce ta ajiye miki, kuma kada ta ba ki ko kin yi kuka.

Tabon nan mai ruwan ƙasa da ke silin, wanda kike sa baƙi su zauna suna ba shi baya, shi ne mafi darajar abin da kika mallaka a wannan makon. Masana sun daɗe da gano cewa fenti ɗaya da aka shafa ranar Talata ya fi gobara cinye takardar tallafi.

Mataki na 3: Ki shawo kan Iya

Iya ita ce mai rainon ƙananan. Ta girme ki da shekara goma sha biyar, tun ranar da kika buɗe makarantar take tare da ke, kuma ita ta koya miki rabin dabarun ɓoyon. Ki same ta tana ninke tabarmi, ki yi magana a hankali.

"Iya, ranar Laraba kada ki kwashe bokitan ɗakin barci."

"Ba ranar baƙon zai zo ba?"

"Ranar ce."

"Baƙo zai shigo ki bar masa bokiti biyar a tsakar ɗaki? Malama, kin karya kuwa da safen nan?"

"So nake ya gani, Iya."

"Ya gani ya kai wa wa?"

"Hukuma."

"Au! Ba ma shi kaɗai ba, har hukuma. To mu kira gidan rediyo mana, a gama gaba ɗaya."

Ki yi mata bayanin maki. Ki ce wadda ta fi lalacewa ita ce ta farko. Za ta saurare ki har ƙarshe, ta ce, "To." Ki lura da wannan "to" ɗin. Irinsa take ce wa yaron da ya ce ba zai yi barci ba.

Mataki na 4: Ki sauke hotunan bango

Babu hoto ko ɗaya a makarantarki da aka rataya don ilimi kaɗai. Allon haruffa yana kan tsagar da ta taso daga taga. Kalandar shekara uku da suka wuce tana kan ramin da makunnin wuta ya bari. Hoton giwa yana kan abin da ke kanki kin manta, kin dai san babba ne.

Ki sauke su duka. Yaran za su yi shiru a kan haruffa, ba ruwansu da kalanda, amma a kan giwa za a yi kuka aji biyu. Ki mayar da giwa. Ba kowane maki ne ya cancanci wannan hayaniyar ba.

Mataki na 5: Kada iyaye su ji

Wannan ya fi kowanne haɗari. In labari ya fita cewa jami'i zai zo, iyaye za su taimaka. Baban 'yan biyu, wanda magini ne, zai iso ranar Talata da rabin buhun siminti, ya toshe tsagar bango kafin ki gama gaishe shi. Maman autar aji, tela, za ta ɗinko labule. Wani zai kawo fulawa a tukunya. Kafin la'asar makarantarki za ta yi kyan da ba ta taɓa yi ba, rufin kuma yana nan yadda yake, domin shi ne kaɗai abin da ya fi ƙarfin kowa.

In Baban 'yan biyu ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon bango, ya ce, "Malama, wannan tsagar ai aikin minti ashirin ce," ki ce masa, "Allah Ya saka da alheri, sai ranar Alhamis." Zai dube ki kamar kin zage shi. Ki jure.

Mataki na 6: Kada ki dogara da ruwan sama

Za ki yi fatan a yi ruwa yana cikin ɗakin, rufin ya yi magana da kansa, ke ki tsaya gefe kina mamaki. Ba za a yi ba. Ranar dubawa gari tas yake wayewa, ko'ina, kowace shekara.

Mataki na 7: Ki tarbi jami'i

Zai iso da azahar a kan babur, da tef ɗin awo a aljihu da takardu a cikin leda. Ki ba shi kujerar da ƙafarta ɗaya ke rawa. Na san ba za ki ba shi ba, za ki ɗauko taki ta ofis, ki goge ta da bakin mayafi. Ba komai, maki ɗaya ne.

Ki sani kafin ya zo wurinki ya shiga makarantu shida. A ta uku mai makarantar ta cire ƙofar banɗaki da hannunta ta jingine, sukurorin na cikin jakarta suna ƙara. A ta biyar an yi masa kuka. Mutumin ya gaji, amma yana gani.

Ki kai shi ɗakin barci. A nan za ki gano abin da "to" ɗin Iya ke nufi. Bokitai sun ɓace. An ɗaure farin ƙyalle a ƙarƙashin silin daga kusurwa zuwa kusurwa, an yi masa ado da zare mai launi. Ɗakin yana ƙamshin sabulu. Iya na tsaye a bakin ƙofa, ta harɗe hannu, fuskarta kamar ta wadda ta ceci gida.

Abu ɗaya ta kasa gyarawa. Ƙananan suna barci, kuma kowanne ya ja tabarmarsa zuwa inda ya saba. Biyu a jikin bango, uku a bayan ƙofa, sauran a karkace, an bar fili biyar a tsakiya ba kowa. A kowane fili akwai zagayen da gindin bokiti ya bari a siminti. Jami'i zai dubi ƙasa, ya dubi ƙyallen, ya sake duban ƙasa. Kada ki ce masa yaran ne ke son iska.

Mataki na 8: Ki faɗa da bakinki

Ga ƙa'idar da ba a rubuta a sanarwa ba. Jami'i ba ya cika layukan da kika bari fanko da abin da ya hango. Sai abin da mai makaranta ta faɗa ta sa wa hannu. Zai buɗe shafi na biyu, ya rage murya saboda masu barci.

"Malama, akwai wata matsala a ɗakin nan?"

Iya za ta yi gyaran murya. Za ki ji bakinki ya ce, "Alhamdulillahi."

"Madalla. Ina nufin ginin."

"Muna lallaɓawa, ranka ya daɗe."

Zai jira. Zai dubi agogo, ya ce saura makarantu biyu, ya mayar wa biro murfinsa. Zai ɗaga ƙafa a hankali ya tsallake tabarmar wata 'yar shekara biyu da ta yi barci da takalmi ɗaya. Daga inda yake zuwa ƙofa taku huɗu ne. Abin da ya rage miki ke nan.

Tun da ba za ki iya cewa "rufina" ba, ga abin da za ki ce.

"Ranka ya daɗe, akwai wata mata da na sani."

Zai tsaya. "Tana da makaranta?"

"Kamar wannan."

"Me ke damunta?"

"Rufinta ne. Yana zuba wuri biyar. In an yi ruwa da rana sai ta kwashe yaran ta kai ofis, su kwanta a ƙarƙashin tebur. Kafinta ya ce mata katakon ya ruɓe, ba zai kai tsakiyar damina ba."

Zai cire murfin biro. "Kwano nawa ne rufin nata?"

"Goma sha huɗu."

"Yara nawa ke kwanciya a ƙarƙashinsa?"

"Sha biyu."

Yana rubutu, ba zai ɗago kai ba. Daga bakin ƙofa Iya za ta sauke hannuwanta. Sannan za ta ce, "Ki gaya masa na banɗakin ma. Famfon ya daina tun bara. Matar nan tana fama, ba ta dai faɗa ne."

Zai rubuta wannan ma, har layi na shida ya cika. Sai ya juyo da takardar, ya miƙo miki biro.

"Ki ce wa matar ta sa hannu a nan."

Ki sa. Ki mayar masa da bironsa. Iya za ta raka shi har babur tana girgiza kai, tana cewa, "Allah sarki, baiwar Allah. Ashe haka mutane ke wahala a duniya."

Tsame hannu

Mai wannan bayani ya yi alkawarin sunanki zai fito, bai yi alkawarin ranar da kafinta zai hau rufi ba, wannan tsakaninki da ofishin tallafi ne. Ba shi da alhakin duk abin da Iya za ta gaya wa maƙwabta game da waccan matar, ko addu'ar da za a riƙa yi mata a gabanki kina amsa amin.

Haka kuma, in aiki ya kammala, ƙaramar hukuma kan kafa allo a bakin ƙofa, da manyan haruffa, ɗauke da sunan makaranta, sunan mai ita, da jerin duk abin da aka samu a lalace. Ba a yarda a rataya hoto a kansa ba. Abin da za ki ce wa iyaye ranar, ke kika sani.