Yadda Za Ka Buɗe Gidajen Nakasassu Arba'in da Katako Ɗaya

Kai sabon kansila, matso kusa. Gwamnati ta turo kuɗin gina wa nakasassu marasa hali gidaje, kai kuma kana son hotonka a jarida ba tare da an yi ɓarnar siminti ba. Shekara tara ina riƙe wa kansilan unguwarmu almakashi a wajen buɗe gidaje. Bi abin da zan gaya maka, na ɗaukar maka alkawarin shan tafi da sake cin zaɓe.

1. Bari jerin sunaye ya tsufa

Kada ka yi gaggawa. Dubi Mama Nokuzola mai ɗinki: tun da motar haya ta kife da ita a hanyar Mthatha take kan keken guragu, a ɗakin langa-langa mai yoyo. Shekara goma sha huɗu sunanta na cikin jeri. Duk Litinin sai ta zo ofis, ofishin kuma a bene yake, sai mu leƙo ta taga mu ce, "Mama, na'ura ta tsaya, sai wani makon!" Wanda ya jira haka, ko akurki ka ba shi zai yi godiya.

2. Yi wa kowane gida matakala uku

Takarda ta ce a zuba gangaren siminti a kowace ƙofa don keke ya hau. Takarda ba ta taɓa sayen siminti ba. Sa ɗan kwangilarka, irin namu Vuyani, ya haɗa gangare ɗaya tak na katako, a shafe shi da fenti ruwan toka. A hoto babu mai ganewa.

3. Ranar buki

Kafa rumfa, yanka tunkiya, kira mawaƙan coci. Jingina katakon, tura keken da hannunka, miƙa wa mai gida almakashi ya yanke ƙyalle. Da ya shige ciki, a jefa katakon a mota, sai gida na gaba. Yadda zai fito kuwa, ai gida ka ba shi, ba yawo ba. Gida goma sha bakwai muka buɗe haka, lafiya lau.

4. Kada su riƙa ziyartar juna

A nan muka yi sake. Wani dattijo, Tata Mzimasi, ya samu gidansa, sai aka yi Lahadi uku ba a gan shi a coci ba. Nokuzola ta tura kekenta ta je dubiya. Ta taga suka gaisa, shi ba ya iya sauka, ita ba ta iya hawa. Ta daɗe tana kallon matakalar nan.

5. Sa ido a kan birki

Ranar nata bukin, Nokuzola ta karɓi almakashi, aka turo ta tsakiyar katako, sai ta danne birki.

"Mama, saura kaɗan," in ji kansila, yana nishi yana murmushi.

"Nan ma ya yi mini, ɗana. Akwai iska."

"Ki shiga ki ga ɗakin girki mana."

"In na shiga, wa zai fito da ni? Kai, da wannan tumbin?"

Vuyani ya sunkuyo yana raɗa: "Sisi, 'yar'uwa, ki rufa mana asiri. Ƙarfe biyu babban baƙo daga birni zai buɗe wani gidan, katakon nan ake jira."

"To ku ɗauke mu tare, Bhuti, ɗan'uwana. Ni ma ban taɓa ganin babban baƙo ba."

Matan unguwa suka kawo mata laima da kwanon masara da wake. Mawaƙa suka ƙara murya, masu hoto suka ƙi tafiya. Ni kaina kunya ta kama ni, abin da ban saba da shi ba. Kafin la'asar motar siminti ta iso, amma Nokuzola ta ce sam, a fara da ƙofar Tata Mzimasi, a bi sauran, tata ce ta ƙarshe.

Gargaɗi

Duk abin da ya same ka bayan karanta wannan, babu ruwana, ban san ka ba, kada ka ambaci sunana gaban alƙali. Kansilanmu ya faɗi zaɓe, ni ina zaune a gida. Katakon na nan a ɗakin Nokuzola, ta sa masa ƙafa huɗu, a kansa take yanka yadi. Na je karɓar almakashina, ta leƙo ta taga ta ce in dawo wani makon.