Yaƙin Uban Ƙarafa da Gishiri

In ana lissafin masana, dole a fara da shugaban ɗakin gwaje-gwajen da ke hawa na biyu, wanda ya raɗa wa kansa Uban Ƙarafa. Ko atishawa ya yi, sai ya waiga ya ga wa ya ƙaru da ita.

Aikin ɗakin ba ɓoyayye ba ne. A narka ƙarafa biyu a ruwa, a zuba wani mai a kai, a girgiza. Gishirin da ke cikin ruwan shi ke tura ƙarfe ɗaya ya haye cikin man, ɗayan ya zauna a ƙasa.

Sai likita ya ce hawan jini ya kama shi, uwargida ta ɗauke masa gishiri a miya. Babban mutum kuwa ba ya shan wahala shi kaɗai. Ya tara ma'aikata ya buga tebur. "Gishiri maƙiyin ɗan Adam ne. Abin da ya gagari jikina, ba ƙarfen da zai iya da shi." Aka kwashe kwalaben gishiri kaf. A gida ma kullum sai ya yi wa uwargida wa'azin ƙarfin halinsa wajen barin gishiri.

Ana haka hukumar gudanarwa ta zo ganin aiki, don ta yanke ko zai ci gaba da zama a kujerarsa. Ya gayyato uwargida ta ga abin alfahari, ya zaunar da ita a gaba.

Ya ɗaga kwalba ya girgiza. Ƙarfen ya ƙi hawa, ruwa da mai suka cakuɗe kamar ruwan wanki. Ya ce ilimi ba ya son gaggawa. Ya sake girgizawa har tabarau ya zamo masa. Shugaban hukumar ya duba agogo, ya fara tattara takardunsa.

Tsoro ya kama bawan Allah, don kujerar nan ya fi son ta da ransa. Ya sunkuya, ya zaro ƙullin gishiri daga cikin safarsa, wanda yake barbaɗa wa abincin rana in ya kulle ofis. Ya juye, ya girgiza. Man ya taso shuɗi, ruwan ya kwanta kore.

Aka yi tafi. Ya gyara wuyan riga, ya ce da ma darasi ya shirya musu.

Uwargida ba ta tafa ba. Ta miƙo tafin hannu. "Maigida, ɗaya safar fa?"