Tunkiyar Ardo

Ranar da wani Ardo ya zo daga Azagor da tunkiya don ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo, ni na karɓi igiyar, tunda ni ne shugaba. Yana ta bayani, ni kuwa ina tsara jawabin godiya a raina. Kyauta ce, mi ya rage a saurara?

Bayan wasanmu na gaba na sa aka yanka ta, na gayyato Ardo, na ajiye masa cinya da hannuna. Ya ci, ya yaba, sannan ya ce, "Shugaba, ina tunkiyata? Ta ɗauki ciki kuwa?"

Ashe haɓɓanaye ne, aron Fulani: mu yi kiwo, ƴaƴan su zama jarin ƙungiya, uwar ta koma wa mai ita.

Hajo, ma'ajiyarmu, ta dubi farantin ta ce, "Baba Ardo, ai cinyarta ta riga ta komo wurinka." Ya yi dariya har rawaninsa ya kwance. Ni na sayo madadinta, aka damƙa wa Hajo igiyar.

Har yau, in tunkiya ta gifta inda muke gwajin wasa, sai wani ya kore ta: "Gudu, baiwar Allah, ga shugaba nan tafe."