Yadda Za Ka Kwance Sif Ɗin Surukinka Ba Tare da Ka Kira Kafinta Ba

Idan ranar tashinku daga gidan haya ta zo, kuma akwai wani ƙaton abu a ɗaki da ya fi ƙofa faɗi, kwantar da hankalinka, ka faɗo hannun da ya dace. Duk wanda ya bi matakan nan bi da bi, na yi masa alkawari kafin rana ta faɗi babu abin da zai rage a tsaye a gidansa. An gwada hanyar a kan mutum mai rai, wani mai sayar da takalma da 'yan layinsu ke kira Na-Iya, saboda tun da aka san shi ba a taɓa ambaton wani aiki a gabansa ya ce bai iya ba. Da labarinsa za mu yi karatun.

Na-Iya ya samu gida mai yalwa kusa da shagonsa, har an yi magana da mai motar kaya. Sai dai a ɗakin da za su bari akwai sif na rataye tufafi, baƙin katako, daga bango zuwa bango, kansa na shafar silin. Mahaifin matarsa, marigayi, kafinta ne. Shi ya fara kama hayar ɗakin, shi ya ƙera sif ɗin tun tana rarrafe, da ya rasu kuma ta ci gaba da zama a wurin, har Na-Iya ya aure ta ya tare a ɗakin. Tun ranar da aka fara zancen tashi ta faɗa wa mijinta magana ɗaya.

"Baban yara, ka ji ni da kyau. Inda sif ɗin Abbana yake, nan nake. In ya tafi, na tafi. In ya zauna, sai dai ka riƙa zuwa gaishe mu."

Ba ta ɗaga murya ba, kuma wannan ne ya fi tayar masa da hankali, don ya san halin kayarsa.

Mataki na 1: Ka kashe zancen kafinta tun yana jariri

Za a ba ka shawarar kiran mai sana'ar. Yi murmushin wanda aka yi wa ƙaramin cin fuska. Ka ce mutum ne ya haɗa shi, mutum ne zai kwance shi, kai ma kuma mutum ne. Har yau ba a samu wanda ya karya wannan hujja ba.

Matar Na-Iya ta ce, "Da dai an nemo wanda ya san kan abin."

Ya ce, "Haba Maman yara, ina raye? So kike a layi a ce ba ki da miji?"

Gaskiyar magana, abin da ya taɓa kwancewa a rayuwarsa bai wuce igiyar takalmi ba. Amma ya sha ganin ana yi, kuma a wajensa gani rabin iyawa ne, sauran rabin a bakin aiki ake tsintarsa.

Mataki na 2: Ka haɗa kayan aiki daga abin da ke kusa

Kada ka sayi sukundireba, tana sa mutum girman kai. Wuƙar kicin ta isa. A madadin guduma, ɗauki takalmi mai taurin dunduniya, irin wanda ya daɗe a shago ba a taya ba. Sannan ka ari sifana a wajen maƙwabci, ko da babu noti ɗaya a gidanka da ta yi daidai da bakinta. Ba don aiki ba ce. Ka soke ta a aljihun baya yadda kanta zai leƙo, duk wanda ya gan ka zai matsa maka hanya.

Mataki na 3: Ka fara da waɗanda ba su yi maka laifi ba

Kada ka tunkari babban abokin gaba da sassafe. Ka fara da gado. In ya faɗi, koma kan tebur, sannan kantar kwanuka, sannan fanka. Duk noti da ƙusa da ka cire ka zuba su a gwangwani ɗaya, kada ka ware, ai duk dangin juna ne, in lokacin haɗawa ya yi kowa zai gane gidansa.

Na-Iya ya yi nisa a wannan mataki har ya kai ga kujerar zaman tsakar gida. Direban motar kaya, wanda ya iso yana ta loda katakai, ya tsaya yana kallon ƙafafunta a jere a ƙasa.

"Maigida, wannan kam ai da ta fita da ƙafarta."

"Ka yi aikinka, in yi nawa," in ji Na-Iya.

Yana sane da abin da yake yi. Duk abin da ya kwance yana ƙara masa ɗan lokaci kafin ya juya ya kalli sif, shi ya sa da tsintsiya tana da noti da ita ma ba ta tsira ba.

Mataki na 4: Ka ƙare wa abokin gaba kallo

Yanzu ɗaki ya zama fayau, daga kai sai shi. Riƙe ƙugu. Ka nemi kan sukurori a sama, ka nema a ƙasa, ka ce "Uhm" da ƙarfi yadda za a ji daga waje. Na-Iya ya duba ko'ina bai ga ko ɗaya ba. Marigayi ya sassaƙa katako ya cusa shi cikin katako, ya bar surukin da bai taɓa gani ba da wuƙar kicin a hannu.

A irin wannan hali, ƙwanƙwasa. Masana suna ƙwanƙwasa abu idan ba su san me za su yi da shi ba. Na-Iya ya ƙwanƙwasa, sai sif ya yi tari.

Kada wannan ya dame ka. Shekara da shekaru mutanen ɗakin suna jin tari daga cikin sif, wani lokacin har da gyaran murya, kuma tuni Na-Iya ya yi wa iyalinsa bayani cewa haka tsohon katako ke yi idan zafi ya taɓa shi.

Mataki na 5: Idan sif ya ƙi kwancuwa, ka kwance ɗakin

Tunda abin ba zai rabu ba, sai ya fita ɗungurungum. Auna faɗinsa da hannuwanka biyu, ka taka a hankali zuwa bakin ƙofa ba tare da ka motsa su ba. In ka ga bai shiga ba, koma ka sake aunawa, a wannan karon ka ɗan matso da hannuwan a hanya. In har yanzu bai shiga ba, laifin ƙofa ne. Cire ta. Cire katakon da ke riƙe da ita. Mai gidan hayar ba ya nan, kuma iska tana da amfani ga lafiya.

Bayan an yi haka Na-Iya ya ɗaura igiya a hannun sif, shi da direba suka ja har jijiyoyin wuyansu suka fito. Garin siminti ya zubo musu a ka, igiya ta tsinke, sif ko gezau. Direba ya kakkaɓe hularsa, ya ce shi fa yana da wani lodin a gaba, ya fita ya fara danna hon.

Matar tana zaune a kan bokiti a tsakiyar ɗaki, ta yafa mayafi, jaka a cinya. A nan tsoro na gaske ya kama Na-Iya. Kayansu duk suna mota, yara suna gaban mota, ya ga kansa yau a sabon gida shi da gwangwanin ƙusoshi, matarsa kuma a nan tana gadin katako.

Mataki na 6: Ka shiga ciki

Abin da ya gagara ta waje, ta ciki ake bin sa. Na-Iya ya buɗe ƙofar tsakiya ya shige. A can ƙurya ya lalubo allon baya, ya ji kawunan ƙananan ƙusoshi a gefensa, daɗi ya kama shi kamar ya yi guɗa. Ya sa wuƙa ya ɓanɓare su ɗaya bayan ɗaya, allon ya kwanto masa a ƙirji, ya jingine shi gefe.

Ya miƙa hannu don ya taɓa bango, sai ya taɓa riga. Ya ture ta, ya taɓa wata. Babu tasa ko ɗaya a ciki. Ya ƙara taku, ya ji ƙofa, ya tura, sai ga shi tsaye a wani ɗaki da bai taɓa gani ba, wuƙa a hannun dama, takalmi a hagu. Wani tsoho na zaune a bayan keken ɗinki, tabarau a kan hanci, yana kurɓar shayi.

A nan ka tuna da tarbiyya. Na-Iya ya yi sallama.

Tsohon ya amsa, ya ce, "Kai ne Na-Iya. Na gane muryar. Tun safe nake jin ka, na ce yaron nan in bai gaji ba zai iso. Ajiye wuƙar ka zauna."

Mataki na 7: Ka saurari bayani kamar da ma ka sani

Gyaɗa kai kawai za ka riƙa yi. Tsohon, Baba Tela, wanda gidansu ke bayan na su Na-Iya, ƙofarsa kuma na kallon wani layin daban, ya ce wata damina ce bangon da ke tsakanin ɗakunan biyu ya zube. Masu gidajen suka yi ta tura wa juna gyara. Shi kuwa kafinta ya gaji da kallon maƙwabcinsa yana canza wando, sai ya ƙera sif mai fuska biyu ya toshe gurbin, ya ce gefe ɗaya naka, gefe ɗaya na 'yata, kada mu faɗa wa kowa don kada a ƙara mana haya.

"Wato babu bango?" in ji Na-Iya.

"Shi ne bangon. Da kun ja shi ya taho, da yanzu rufin nan muke sanye da shi." Ya kurɓi shayi. "Af, kuma ranar da kuka yi rigima kan gishiri, ita ce da gaskiya."

Ana cikin haka rigunan suka motsa, matar ta fito ta cikinsu tana gyara mayafi. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta kalli ƙofofin wannan gefen, irin sassaƙar nasu sak. Tsohon ya cire tabarau ya daɗe yana kallonta.

"'Yata, ashe haka fuskarki take. Ni muryar kawai na sani, tun kina ihu in za a yi miki kitso." Ya mayar da tabarau. "Ranar da Abbanki ya rasu, na ji kin shiga sif kin ja ƙofa kina kuka, don kada mutane su gan ki. Na tsayar da keke, na zauna a nan jikin allon. Ban tashi ba sai da na ji kin fita."

Ta toshe baki da mayafi, hawaye suka zubo. Kunya da tausayi suka kama Na-Iya, ya lallaɓa ya ɓoye takalmin a bayansa.

Baba Tela ya ce, "Kayan mahaifinki ne. In kun samu yadda za ku ɗauka, ku ɗauka. Ni labule ya ishe ni."

Ta kalli ɗakin, ɗan gado, keke, buta a lungu. Ta shafa ƙofar sif ɗin da tafin hannunta tun daga sama har ƙasa. Sannan ta miƙe.

"Baban yara, mayar wa Baba da bangonsa."

Ta yi wa tsohon sallama, ta koma ta inda ta fito.

Mataki na 8: Ka mayar da allon, kada ka tsaya duba gefen da kake

Wannan ne matakin da ake gane ƙwararre. Baba Tela ya miƙo guduma ta gaske da ƙusoshi cike da hannu. Na-Iya ya shiga ya jawo allon ya daidaita shi, ya shiga bugu da dukkan zuciyarsa, don a karon farko yau an ba shi aikin da ya gane kansa. Inda marigayi ya sa ƙusa ɗaya, shi ya sa uku. Da ya gama ya ja da baya don ya yaba aikinsa, sai ya ji rigar tsoho ta shafi ƙeyarsa.

Kafin ya gama fahimtar a wane gida yake, muryoyi suka ratso allon tar, yadda suka saba ratsowa zuwa kunnen Baba Tela. Direba ne ya shigo ɗakin yana mita. Sai muryar matarsa, a dishe.

"Direba, mu tafi yanzu. In na ƙara juyowa na kalle shi, ba zan iya fita ba."

"To Maigidan fa?"

"Ya san hanya."

Na-Iya ya buga allon ya kira ta, amma aikin nasa ya yi kyau da yawa. Ya ji tashin mota. Ya faɗo ɗakin tsohon, ya yi waje, ya tarar da layin da bai sani ba, wanda sai an zagaya ta bakin titi kafin a koma nasu. Ya zura da gudu da guduma a hannu, Baba Tela na kiran a dawo masa da kayansa. Mutane suka yi ta darewa. Shi kuwa gudu yake yana haki yana dariya, don ta tafi, da ƙafarta ta hau motar.

Sanarwa

Mai wannan bayani ba kafinta ba ne, ba ɗan kafinta ba ne, kuma a tsaye yake cin abinci tun tashinsa na ƙarshe. Duk abin da ya biyo baya tsakaninka da mai gidan haya, ko direba, ko 'yan sandan da suka tare ka kana gudu da makami, ku kuka sani, babu hannuna babu ƙafata. In kuma ka isa sabon gida ka tarar da matarka zaune a ƙasa tana kallon bango fari fat, kada ka zo wurina neman mataki na tara, ba ni da shi. Ka ajiye gudumar ka zauna kusa da ita.