Ranar da Kwamfuta Ta Yi wa Mama Rifkatu Wa'azi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da muka ƙaddamar da manhajarmu a Narayi ba. Manhajar rubutu ce ta kyauta, wadda 'yan sa-kai daga ko'ina a duniya ke ginawa, mu kuma a Kaduna muka ɗauki nauyin mayar da ita Hausa. Ni ne jagoran fassara, ni ne kuma mai talla (ba zaɓena aka yi ba, bakina ne ya fi na kowa).

Na bi shagunan buga takardu daga Makera har Kudenda ina cika baki. In masu shagunan nan suka karɓa, mun ci nasara. In suka ƙi, wahalarmu ta tashi a banza.

Zauren makarantar da muka ara ya cika. Na sha babbar riga, na kira Mama Rifkatu, dattijuwa mai shago a Barnawa, ta gwada a gaban kowa. Ta rubuta sunanta, ta zo rufewa, sai saƙo ya fito ɓaro-ɓaro a jikin bangon da muke haska allon kwamfutar: "Ba a cece ka ba. Kana son ceto kafin ka tafi?"

(A Turanci kalma ɗaya ce ke nufin adana aiki da kuma ceton rai.)

Mama ta gyara tabarau ta ce, "Ɗana, ni na sami ceto tun ba a haife ka ba."

Wani Alhaji daga baya ya ɗaga hannu: "Malam, mu kuma ina za mu danna?"

Zaure ya ɓarke da dariya. Maimakon in yi shiru, sai na haɗe rai na juya ga abokan aikina: "Wa ya fassara wannan shirmen?"

Bulus, mataimakina, ya sunkuyo zai raɗa mini, ya manta lasifika na hannunsa. "Oga, kai ne. Har ka ce kada kowa ya taɓa."

Gumi har cikin takalmina.

Amma ba wanda ya tashi. Gardama ta kaure kan kalmar da za ta maye gurbin "ceto", tsakanin masu "ajiye" da masu "adana", aka ɗaga hannu, "adana" ta ci. A nan take muka gyara. Mama da Alhaji suka sa manhajar a shagunansu, suka kuma shiga cikin masu duba mana fassara. Yau duk inda na ga yaro yana aiki da ita da Hausa, sai in ji kaina ya kumbura.

Sai dai tun daga ranar, kafin in nemi mai laifi a bainar jama'a, nakan fara tambayar Bulus a keɓe.