Fankar da Sai da Sanda

"Lafiya lau, uwargida. Sai dai yau ƙafafunki ne ke gaishe ni," in ji tsoho.

Ƙafafun jikarsa ne kuwa a waje, sauran jikinta yana cikin mota, ƙarƙashin akwatin nan na gaban kujerar fasinja. Aikin wayoyin mota take yi a gareji, motar ma tata ce.

To, tun bara fankar da ke huro sanyi da ɗumi a motar ta koyi taurin kai, a murɗa maɓalli ta yi gum. Ran nan tsohon yana zaune a gaba, ya ɗaga sandarsa ya ƙwanƙwasa ƙasan akwatin, sai ga iska fuu. Tun daga ranar duk inda za a je sai da shi. Mutumin da a da yake wuni a tabarma yana ƙirga ƙadangaru, ya zama ɗan gaban mota.

Ya tambaye ta me take tono a wurin aikinsa. Ta ce injin fankar za ta canza. Ta duba fis ɗin wuta lafiyarsa ƙalau, wuta ma tana isa, ɗan gawayin da ke cikin injin ne ya cinye, shi ya sa sai an buga yake taɓawa ya tashi.

"Ya siɗe kamar haƙoranka, angona."

"Haƙorana wajen tauna tuwon ƙasar da kike dafa min suka ƙare." Ya jingina da ƙofa. "Haushi kike ji, fanka ta fi ki jin maganata."

"Ba maganarka take ji ba, sanda take ji. Akuya ma in ta yi tunkuyi a nan za ta tashi."

"To ɗauki akuyar ku je asibiti, ta taya ki hira."

Ta kwance kusoshi, ta zare waya, ta jawo injin waje. Ƙura ce da busassun ganye, sai ɓawon gyaɗa ya zubo mata a fuska. Ta ce ga shaida, ashe shi ke tura shara ta ramin iska. Ya ce ba shara ba ce, ma'aikaciyarsa yake ciyarwa, tunda uwar ɗakinta marowaciya ce.

Ta share ramin, ta zura sabon, ta ɗaure, ta murɗa maɓalli. Nan take iska ta taso har ta ɗaga masa gemu.

Tsohon ya dubi sandarsa, ya dubi tabarmarsa can gindin katanga.

"To, an sallame ni ke nan," ya ce, murya ƙasa ƙasa. "Allah ya sa albarka."

Ya juya. Wannan karon bai haɗa da tsiya ko ɗaya ba, ita kuwa ta lura. Bai yi nisa ba sai ya ji iskar ta ɗauke.

"Kaka, zo ka gani. Sabuwar ma ta yi gum."

Ya dawo yana jan ƙafa, yana cewa aikin yaran yanzu ke nan, sai baki. Ya shiga ya zauna a kujerarsa, ya gyara riga, ya ɗaga sanda ya ƙwanƙwasa. Ta gefen ido ya ga yatsunta sun lallaɓa sun murɗa maɓalli. Sarai ya gani. Iska ta taso.

"Kin gani ko? Ita ma ta san ubangidanta."

"Na gani, ranka ya daɗe. Dole kullum sai da kai."

"Zan duba. Ina da harkoki."

"Ƙadangarun za su jira ka."

Ta fashe da dariya, ta naɗe tsohon injin a tsumma ta ɗora masa a cinya, ta ce ga tukwici, ya kai ɗaki, in zafi ya dame shi ya yi ta duka.

Ya rungume abinsa, ya ja ƙofa ya rufe.

"Ja mu je kasuwa, uwargida. Gyaɗata ta ƙare."